Shin dabarun motar tsere za su yi aiki a injin jirgin kamun kifi?

Mai Fatsa ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin jirgin ruwa da kuma waɗanda suka san motar tsere, domin tambayar tawa ta shafi ɓangarorin biyu ne.

Ina da ƙaramin jirgi na alminiyam mai tsawon mita 4.5 wanda nake fita kamun kifi da shi a ranakun hutu. Injinsa irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi ne, mai ƙarfin doki 40, kuma ba irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ne. Littafin injin ya ce idan aka buɗe totur gaba ɗaya, ya kamata agogon juyi ya tsaya tsakanin 5,000 da 6,000 a minti ɗaya. To, idan ni kaɗai ne a ciki, da ƙyar yake taɓa 5,000. Idan kuwa mu uku ne, ga kayan fatsa, ga akwatin ƙanƙara, ga tankin mai na biyu, ba ya wuce 4,500, kuma jirgin yakan daɗe yana ɗaga goshi sama da bayansa a nutse kafin ya hau bisa ruwa ya miƙe. Farfelar da na tarar a jikinsa lokacin da na saye shi tana ɗauke da lamba 15.

Ƙanena yana shiga tseren mota na gajeren zango, wanda motoci biyu ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su tashi tare a miƙaƙƙen fili. Ya ce in bar masa injin, zai sauya tsarin kwamfutarsa, ya sa wutar filogi ta riƙa kamawa da wuri, sannan ya ɗaura farfela mai lamba 17 domin kowane juyi ya ci ruwa mai yawa. Na ga yadda irin wannan gyaran ya ƙara wa motarsa gudu, saboda haka ba na raina iliminsa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin abin da ke ƙara wa motar tsere gudu zai ƙara wa jirgi? Idan ba haka ba ne, daga ina ya kamata in fara?

Baba Makaniki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa kwamfutar injin nan, kuma kada ka sa lamba 17. Zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla, domin ka iya zama da ƙanen naka ku fahimci juna.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Mota idan ta kai gudun da direba yake so, sai ya sassauta ƙafarsa, tayoyi su ci gaba da mirginawa, injin ya samu ɗan hutu. Jirgi ba shi da wannan gatan, domin da zarar ka ja totur baya, ruwa ya riƙe shi nan take. Injin jirgi tamkar babbar mota ce da aka labta wa kaya tana hawan tudun da ba shi da ƙarshe, kuma a giya ɗaya tak. Wannan giyar ɗaya ita ce farfela. Lambar da ka gani a jikinta tana nufin inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take murɗawa, ba cikin ruwa ba. Idan lambar ta yi girma, ka sa wa injin babbar giya ke nan. Idan ta yi ƙasa, ƙaramar giya ce.

Abin da muka sani a wurin aiki shi ne, kowane inci ɗaya da ka ƙara yana rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200, kowane inci ɗaya da ka rage kuma yana ƙara shi da kwatankwacin haka. Injinka yanzu yana 4,500 da kaya, wato ya riga ya gaza mafi ƙarancin abin da masu ƙera shi suka gindaya da juyi 500. Idan ka sa lamba 17, zai faɗo wajen 4,100 ko 4,200, totur a buɗe, inji yana nishi. A irin wannan yanayi zafi yana taruwa a kan fistin, matsi yana yawa a cikin silinda, boris yana shan wahala. Idan kuma aka zo aka sa wuta tana kamawa da wuri a kan wannan nauyin, fetur zai fara fashewa maimakon ƙonewa a hankali, kuma ƙarar iska da ta ruwa ba za su bari ka ji ƙwanƙwasar ba sai fistin ya huje. Na sha buɗe injunan da haka ta same su, za ka ga kan fistin ya yi fari fat, gefensa ya narke ya liƙe a jikin silinda.

Ni a ganina ƙasa za ka yi, ba sama ba. Lamba 12 za ta kai ka wajen 5,000 da mutum uku, da kusan 5,500 idan kai kaɗai ne. Lamba 11 za ta ƙara maka kaɗan a kan haka, kuma ita na fi so idan yawancin fitarka da kaya kake yi. Ga lissafin idan kana son gani da idonka: a irin waɗannan injuna farfela takan yi juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na inji, ko kusa da haka, ka duba littafinka. Juyi 5,500 ya zama 2,750 a farfela. Inci 12 kusan santimita 30 da rabi ne, wato mita 838 ke nan a minti, ko kilomita 50 a awa. Ka cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na santsin ruwa, ka samu kilomita 43 zuwa 45. Ba zan ɓoye maka ba, idan kai kaɗai ne mai yiwuwa ka rasa wani abu a ƙololuwar gudu. Amma da kaya jirgin zai hau ruwa da sauri, kuma injin zai yi maka shekaru.

Ɗan Tsere ya rubuta:

Ina gaishe ku, Baba, kuma na yarda da hukuncinku. Zan yi magana ne daga ɓangarenmu na masu tsere, domin kada Malam ya ɗauka cewa babu abin da ƙanensa zai amfane shi da shi.

Da farko, ko a ƙa'idar tsere shawarar lamba 17 ba daidai ba ce. Mu ma ba ma sa babbar giya don neman gudu. Muna zaɓen giyar baya ne ta yadda mota za ta tsallaka layin ƙarshe injin yana daidai wurin da ya fi ba da ƙarfi. Wanda ya tsallaka layi injinsa bai kai can ba, ya bar ƙarfi a aljihu bai yi amfani da shi ba. Idan aka gaya wa ƙanen Malam cewa farfela giyar baya ce, na tabbata da kansa zai janye maganar.

Na biyu, a duba abin da aka gina motar tsere domin shi. Zangon da aka saba shi ne rubu'in mil, mita 402, wasu filayen kuma rabin haka, mita 201. Hukumar tseren mota ta Amurka, NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 domin a janye matasa daga tsere a kan titunan jama'a zuwa filaye masu tsari, ta rage zangon manyan motocinta zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, a shekarar 2008, bayan haɗarin da ya kashe direba Scott Kalitta a jihar New Jersey. Motocin ajin Top Fuel suna cinye wannan zangon cikin ƙasa da sakan huɗu, suna wuce kilomita 530 a awa. Injinsu lita 8.2 ne kawai, amma ana ƙiyasta ƙarfinsa da doki 11,000. Sirrin yana cikin man da suke sha, naitrometen, wanda ke ɗauke da iskar ƙonewarsa a jikinsa. Fetur yana buƙatar iska mai nauyinsa sau 14.7 kafin ya ƙone sarai, shi kuwa naitrometen sau 1.7 ya ishe shi, don haka ana iya ɗura shi cikin silinda da yawan da fetur ba zai taɓa yarda ba. Waɗannan injuna ba su da lagireto, ba su da akwatin giya, kuloci ne mai faifai da yawa yake kamawa sannu a hankali. Daga tashi zuwa layin ƙarshe injin ba ya yin juyi dubu ɗaya, kuma da an dawo rumfa makanikai za su wargaza shi, su duba fistin da boris, su sake haɗa shi cikin kimanin awa ɗaya. Injin Malam kuwa yana yin juyi dubu ɗaya cikin sakan goma sha biyu, kuma ana so ya yi ta yi daga safe har yamma ba tare da kowa ya kwance noti ko ɗaya ba. Mu masu ƙananan motoci ma da wannan tunanin muke gyara: muna matsa wa inji ne na sakan goma sha wani abu, sannan ya huce. Idan ya lalace, mota ta gangara gefe a jawo ta da igiya. Injin jirgi idan ya mutu a tsakiyar ruwa iska tana kaɗawa, magana ce ta rai.

Abin da za mu iya ba ku da gaske shi ne tarbiyyar awo. Duk wanda ya gama zango ana miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da lokacinsa a ƙafa 60 na farko, da tsakiyar zango, da ƙarshensa, da kuma gudunsa. Ba ma yarda da abin da jiki ya ji, domin ƙarar salansa tana yaudarar mutum ya ɗauka ya ƙara gudu alhali ya ragu. Kuma ba ma sauya abu biyu a lokaci guda, don in an yi haka ba za a san wanne ya yi aiki ba. Akwai ma wani nau'in gasar da direba ke rubuta lokacin da yake sa ran yi a jikin gilashin motarsa, idan ya fi wannan lokacin sauri ya faɗi. A nan wanda ya san motarsa ne yake cin nasara, ba wanda ya fi kuɗin inji ba.

Sai batun nauyi da iska. Muna da ƙiyasin cewa rage kilo 45 daga mota yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan a rubu'in mil, shi ya sa muke cire kujerar baya da safaya taya. Haka kuma injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama da matakin teku, kuma rana mai zafi tana rage masa ƙarfi. Wannan ya shafi jirgi kamar yadda ya shafi mota, saboda haka kada a gwada farfela ɗaya da sanyin asuba, a gwada ɗayar da tsakar rana, sannan a ce an kwatanta.

Hajiya Mai Taru ta rubuta:

Baba, ku yi mini afuwa, zan ɗan saɓa muku a kan tsarin aikin, ko da yake ban saɓa muku a kan lamba 17 ba. Ni ba zan sayi sabuwar farfela ba sai na tabbatar cewa injin da jirgin lafiyarsu ƙalau. Idan wani abu ne daban yake cinye ƙarfin, ƙaramar farfela za ta ɗaga agogon juyi ta rufe ciwon, mai jirgi ya yi ta murna alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Malam, ka fara da abin da ya fi addabar mu masu fatsa. Ka cire wayar batir, ka zare fil, ka kwance notin farfela, ka zare ta daga sandarta, ka duba bayan washar da ke can ciki. Zaren fatsa da wasu suka yar a ruwa yakan naɗe a wurin, zafi ya narkar da shi ya zama wani ƙaramin zobe mai tauri wanda za ka iya ɗauka wani sashe ne na injin. Wannan zaren yana yanka robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Ka sassauta notin ƙasa na akwatin giya kaɗan ka ga launin man. Idan ya fito garau, madalla. Idan ya fito fari-fari, ruwa ya shiga. Ka kuma shafa gefen fukafukan farfelar da yatsa, domin lanƙwasar da ido ba ya gani tana iya cin gudu. Bayan haka ka sa wani ya tura totur har ƙarshe injin a kashe, kai kuma ka buɗe murfi ka ga ko wayar tana buɗe maƙogwaron injin gaba ɗaya. Ka duba filogi, da matatar mai, da tiyon mai ko ya tsage yana shan iska.

Shi kansa jirgin, ka leƙa ƙarƙashinsa. Gansakuka idan ta kama shi tana rage gudu fiye da yadda mutane ke zato. Yawancin ƙananan jirage kuma suna da soso a ƙarƙashin daɓensu wanda ke hana su nutsewa, kuma idan ya tsufa yakan sha ruwa ya riƙe, sai ka ga mutum yana yawo da nauyin fasinja guda wanda bai san da shi ba. Ka danna shi da yatsa ta wata kafa, in ruwa ya tsattsafo ka gano ɓarawon.

Wannan ɗaga goshin da ka ambata kuwa, ina zargin rabon kaya. Batir, da tanki biyu, da mai tuƙi, duk a baya suke taruwa kusa da inji. Ka mayar da akwatin ƙanƙara da tanki na biyu gaba, mutum ɗaya ya zauna a tsakiya, ka karkato da ƙafar injin ciki sosai lokacin tashi, sai jirgin ya hau ruwa sannan ka ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Wannan bai ci maka ko kwabo ba.

Ina roƙonka abu ɗaya kafin ka fara gwaje-gwajen gudu. Ka sa rigar ceto, ka kuma ɗaura igiyar nan da ke kashe inji a wuyan hannunka ko a jikin rigar. Jirgin da ya jefar da mai tuƙinsa totur a buɗe yakan yi ta zagaye ne, ya dawo kan mutumin da ke cikin ruwa da farfela tana juyawa. Abin ya yi munin da tun watan Afrilun 2021 dokar Amurka ta wajabta amfani da wannan igiyar a kan jiragen shaƙatawa da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu bisa ruwa. Masu tsere ba sa shiga fili sai da hular kwano da bel, ban ga dalilin da zai sa mu raina namu kayan kariyar ba.

Mai Fatsa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa ƙanena bayanin Ɗan Tsere, kuma da ya ji an ce farfela giyar baya ce sai ya yi shiru, daga baya ya ce shi zai riƙe agogo da takarda ranar gwaji.

Hajiya, abin da kika faɗa na tarar. Akwai zare naɗe a bayan washar, sai da na sa bakin wuƙa na ɓanɓare shi, kuma man giyar ya fito fari-fari. Fiffike ɗaya na farfelar ma ya ɗan lanƙwashe a baki. Wayar totur tana buɗewa har ƙarshe, soson kuma a bushe yake. Baba, yanzu tunda dole in sauya farfela, in sayi ta ƙarfe marar tsatsa ko ta alminiyam? Sannan wani ya ce mini in huta da wahala in sayi inji mai doki 60 kawai. Me kuke gani?

Baba Makaniki ya rubuta:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma tsarinta ya kamata a bi. Malam, kada jirgin nan ya sake shiga ruwa sai an gyara akwatin giya. A zubar da man, a sauya robobin da ke bakin sandar farfela, a hura wa akwatin iska da famfon gwaji a ga ko yana riƙe matsi, sannan a ɗura sabon mai daga ramin ƙasa har ya ɓullo ta ramin sama, domin in aka zuba ta sama iska tana maƙalewa a ciki. A duba ɗan maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa: ƙura mai laushi ba komai ba ce, amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, haƙoran giya ko boris sun fara ciwo. A juya sandar da hannu a ga ko tana rawa, tunda abin da ya lanƙwasa fiffike yana iya lanƙwasa ta. Tunda za a sauke ƙafar injin, a sauya robar famfon ruwa gaba ɗaya. Fukafukanta sukan sandare a lanƙwashe ko da ba su karye ba, kuma kada a kuskura a tayar da injin a tudu babu ruwa, domin cikin ƙanƙanin lokaci take ƙonewa.

Game da farfela, ka sayi ta alminiyam. Ta ƙarfe marar tsatsa ba ta lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi kuma takan ƙara ɗan gudu, amma a doki 40 bambancin kaɗan ne. Mai kamun kifi kuma yana shiga wuraren duwatsu da kututture, inda ya fi alheri fiffike mai taushi ya karɓi dukan a maimakon ya wuce zuwa sanda da giya. Tunda tsohuwar farfelar ta lanƙwashe, lambobin da ka ba mu ba su da cikakken tabbas, saboda haka ka fara da lamba 12, in da hali ka ari lamba 11 ka gwada kafin ka saya. Tsohuwar kuma a miƙar da ita ta zauna cikin jirgi tare da noti da fil na ko-ta-kwana.

Batun doki 60 kuwa, amsarsa tana jikin jirginka. Ka nemi ɗan faifan da masu ƙera shi suka manna kusa da wurin tuƙi ko a bangon baya, wanda ya faɗi iyakar ƙarfin inji, da yawan mutane, da nauyin kaya. Idan ya ce 40, magana ta ƙare, domin bangon baya da yanayin jirgin ba a yi su don fiye da haka ba, kuma jirgin da injinsa ya fi ƙarfinsa yakan yi tangaɗi a kwana. Ko da ya ba ka dama, ka tuna cewa injin fetur a cikakken totur yana shan kusan lita 4 a awa a kan kowane doki 10, wato naka wajen lita 15, mai 60 kuwa sama da lita 20. Ni dai ban ga alamar injinka ya gaza ba tukuna.

Ranar gwaji ku ɗauki kayan da kuka saba ɗauka da mutanen da kuka saba fita da su, ku zaɓi ruwa mai kwanciya inda babu masu iyo ko masu taru. Ku yi zango ɗaya ku dawo ta kansa, domin iska da igiyar ruwa su soke juna, sannan ku haɗa lambobin zuwa da na dawowa ku raba biyu. Ƙanenka ya rubuta abu uku a kowane zuwa: sakan nawa jirgin ya ɗauka kafin ya hau ruwa, juyi nawa agogo ya nuna a cikakken totur, da gudun da manhajar waya ta nuna. Kai kuma idonka ya riƙa komawa kan ɗan ruwan da injin ke fesarwa ta gefe, alamar famfon ruwa yana aiki, in ya yi rauni ko ya tsaya ka kashe nan take. Ka kawo mana lambobin na farfela 12 da na 11, da kaya da kuma kai kaɗai, sai mu duba ko tsayin da aka ɗaura injin a bangon baya yana buƙatar a ɗaga shi rami ɗaya.